Tsamiyar da Ba a Zuba Ba

Tun kafin a sa ranar auren Latifa, Raƙiya ta riga ta tanadi mazarƙwailarta. Mijinta Inusa ta matsa wa, shi da yake kai awaki Ƙonni, ta ce kada ya kuskura ya dawo Affala ba tare da ita ba, kuma ja take so, mai ƙamshin rake, ba baƙar nan da ta ƙone tun a tukunyar masu ita ba. Ya kawo. Ta ɗure curin a buhu, ta rataye a azarar ɗaki saboda kiyashi, duk yaron da ya ɗaga kai ya dubi wajen sai ya sha harara. Inusa kansa ya taɓa roƙon ɗan gutsure ya jefa a shayi, ta ce masa ya nemi sukarin kanti.

Latifa ɗiyarta ce ta fari. Amma ku shiga Tawa ku tambayi gidan uwar Latifa, ƙofar Azumi za a nuna muku. Azumi yayar Raƙiya ce, ciki ɗaya, Allah bai ba ta haihuwa ba. Ranar yaye tsohuwarsu ta goya yarinyar ta kai wa Azumi birni, wai ta kwana biyu ta manta nono. Kwana biyun ke nan har yau. Raƙiya ba ta ce uffan ba, to me za ta ce? Ɗiyar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa, balle ta buɗe baki ta ce a maido mata ita. Da ta yi, da matan Affala sun shekara suna dariyar marar kunya. Bayan Latifa kuwa sai maza suka yi ta zuwa, maza zalla, masu cinye tuwo su bar mata wankin kwano. Yarinyar ta girma a Tawa, ta yi boko, ta zama ma'aikaciyar jinya, ta zaɓi mijinta da kanta, wani malamin makaranta ɗan mutanen Kalfu mai suna Abdurazak. Duk wannan a bakin masu motar kasuwa Raƙiya take jin labarinsa.

Abu ɗaya tak ta ɗora wa ranta. A gidansu, in za a yi alkakin gara, uwar amarya ce take dafa ruwan zaƙin da ake tsoma shi. Kowa yana iya murza, kowa yana iya suya, amma tukunyar ruwan ta uwa ce. Tsohuwarsu ta dafa na Azumi, ta dafa na Raƙiya. To Raƙiya ta bar wa yayarta goyo, ta bar mata kitso da kai makaranta da sunan Inna, amma wannan tukunyar, wallahi tana ganin tata ce. Ba ta faɗa wa kowa ba. Tana zaton duk mai hankali in ya ga ta sauko daga mota da buhun mazarƙwaila a ka, ya san abin da take nufi.

Ashe Azumi ba ta sani ba, ko ta sani ta yi kamar ba ta sani ba. Ranar da Raƙiya ta iso Tawa, Azumi ta tare ta da guɗa, ta rungume ta, ta kwance bakin buhu ta shinshina.

"Kai, Raƙiya, Allah shi yi miki albarka! Irin wagga nike nema, na zagaye kasuwa ban samu ba. Ku kai mini ita ɗakina."

Ɗakina! Raƙiya ta bi buhun da ido har ya shige bayan labule. Ta ce, "Ba komi, Yaya," ta zauna a tabarma ta sha ruwan da aka ba ta.

Da azahar Latifa ta dawo daga asibiti. Ta cire takalmi tun daga nesa, ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai.

"Innar Affala, kun zo lahiya? Ina su Baba? Ina gajiyar hanya?"

Gaisuwa ce wadda ba a kushe ta, irin wadda ake yi wa baƙuwa mai daraja. Raƙiya ta amsa tana kallon gefe, kamar yadda ya kamata. Yarinyar na tashi daga nan sai ta je ta zube a jikin Azumi, ƙatuwar budurwa da ita, tana cewa, "Wash, Inna, yau na gaji, mi kika aje mini?" Azumi ta ture ta tana zaginta da wasa, ta jawo kwanon fura da ta ɓoye mata. Raƙiya ta zuba musu ido. Kishi ne, ba wani suna gare shi ba, kuma kishin yayarta da ba ta taɓa yi mata komai ba sai alheri. Ga wushiryar yarinyar irin tata, ga ƙananan kunnuwan nan irin nata, amma dariyar da yadda take karkata kai in tana magana, duk na Azumi ne.

Ranar alkaki gidan ya cika da hantsi. An jiƙa ɓarzajjiyar alkama tun jiya, ta yi tsami daidai, maƙwabta sun jeru a inuwar bishiyar bedi suna murzawa suna naɗewa. Azumi ta fito da ɗaurin ƙirji tana rabon aiki.

"Raƙiya, ke ki zamna wajen suya. Hannunki ya hi nawa sauri."

Shi ke nan. Aka aje mata kujera 'yar tsugunno gaban kaskon mai, taku kaɗan daga babban murhu, inda za ta ga komai da idonta. Ta ga Azumi ta farfasa mazarƙwailarta da taɓarya. Ta ga ta narkar da ita a ruwan zafi, ta tace da farin ƙyalle don yashi da ɓawon rake, ta maida wuta, ta jefa kanumfari da busasshiyar citta. Ƙamshi ya tashi har bayan katanga, wata maƙwabciya ta ce, "Uwar amarya, wanga ruwa naki sai an ɗibar mana na lemu-hari da zoɓon ranar buki." Azumi ta ce ai da ma da shi za a haɗa abubuwan shan, shi ya sa ta cika tukunya. 'Yan matan suna ta yabon ruwan zaƙin da sunansa na boko, siron Inna Azumi, siron Inna Azumi. Ba wadda ta tambayi wanda ya kawo mazarƙwailar, balle wadda ta yi watanni tana kore mata kiyashi.

To ruwan mazarƙwaila yana da sharaɗi guda da kowace mace a gidan ta sani: in ba a zuba masa tsami ba, yana fara hucewa zai ƙanƙare ya koma yashi-yashi. Azumi ta jiƙa tsamiyarta da wuri, ta tace a ƙaramin kwano, ta rufe da faifai, ta tura bayan turmi don kada kaji su ɓarar. Sai dai uwar amarya ba ta da zama. Tela ya aiko da ɗinki an yi kuskure a wuya, kafinta ya iso da gado yana neman inda za a jingine shi, waya tana ta kuka a ƙugunta. Kwana da kwanaki ba ta yi barcin kirki ba, kuma in ta faki ido sai ta share hawaye da bakin zane, don ɗiyarta za ta bar mata gida. Ta fita zaure ta dawo, ta sake fita ta dawo, ta tsaya kan tukunya riƙe da ludayi tana ƙifta ido.

"Raƙiya, halan na zuba tsamiyar nan?"

Daga inda Raƙiya take zaune tana hango gefen faifan a bayan turmi. Kalma ɗaya ce, a'a. Ko nuni da baki ma ya isa. Ta juya alkaki a cikin mai, ta juya wani, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Yaya, ai ke kika san tukunyarki."

Azumi ta ce, "Na zuba, ina ji. I, na zuba," aka sake kiranta daga zaure ta tafi.

Kada wani ya ce Raƙiya ba ta san abin da ta yi ba. Ta sani sarai. Gabanta yana faɗuwa, amma can ƙasan faɗuwar gaban akwai wani daɗi, mugun daɗi, wanda rabonta da jin irinsa ta manta. Ta ce a ranta ai ba ƙarya ta yi ba. Ta ce in mutum ya ƙwace tukunyar da ba tasa ba, sai ya san abin da ke cikinta. Ta ci gaba da suyarta, har da tsoma baki a hirar maƙwabta.

Ruwa ya yi kauri, Azumi ta ɗiga a yatsa ta ja ya yi zare, ta rage wuta. Latifa ta dawo daga aiki a daidai lokacin, ko farar rigarta ba ta cire ba ta karɓi matsami tana tsoma alkaki mai zafi tana jerawa a babban tire. Kyau kamar me! Ja, yana ƙyalli, mata suna ta santi tun ba su ɗanɗana ba. Ana cikin haka aka yi sallama, sai ga Hajiya Huseina, gwaggon ango, ta biyo wai ta yi wa masu aiki sannu. Sannu dai! Kowa a Tawa ya san abin da ke kawo Hajiya Huseina gidan da ake aikin gara. Abin da ta gani da la'asar, kafin magariba ya isa Kalfu.

Aka shimfiɗa mata darduma, aka kawo ruwa, aka yi ta gaishe-gaishe. Kafin a gama tambayar mutanen gida, tiren farko ya huce. Azumi ta ɗauko shi da kanta, da fara'arta, ta dire gaban baƙuwa. Sai fara'ar ta tsaya. Ƙyallin nan duk ya tafi. Alkakin ya yi furu-furu, ya yi ɓawo kamar an birkiɗa shi a rairayi. Hajiya Huseina ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta kai baki, kowa ya ji ƙarar garas-garas a haƙoranta.

"Ikon Allah," in ji ta. "Sabon yayi ne na birni? Mu can ƙauye mun saba da mai laushi."

Ba wadda ta yi dariya. Azumi ta ruga wajen murhu. Bakin tukunyar ya yi farin ɓawo zagaye, ruwan yana daskarewa tun daga gefe, ludayin ma ya kafe a ciki. Ta sa hannu ta motsa da ƙarfi, abin da ya ƙara lalata shi ke nan, nan take sauran ya haɗe ya zama dunƙule. Ta waiga tana neman abin da ba ta sani ba, idonta ya faɗa kan faifan bayan turmi. Ta ɗaga. Ga ruwan tsamiya nan cike da kwano, ko ɗigo bai ragu ba.

Ba ta dubi Raƙiya ba. Da ma ta dube ta, da ya fi sauƙi. Sai kawai ta zauna daɓas a ƙasa, babbar mace, uwar biki, ta rufe fuska da zane ta fashe da kuka a gaban maƙwabta da gwaggon ango.

"Na tsufa," take cewa. "Abu guda da zan yi wa ɗiyata, na ɓata shi."

Latifa ta yar da matsami ta durƙusa ta rungume ta. "Inna, ni ce. Ni na ce miki na zuba. Laihina ne, Hajiya, ni na manta." Ƙarya ce muraran, yarinyar da ba ta ma gidan lokacin, amma ta faɗe ta da ƙarfi tana kallon gwaggon mijinta ido cikin ido.

Nan daɗin nan na Raƙiya ya mutu. Ita ta so a ga gazawar Azumi, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa amaryar ce za ta ɗauki abin ta aza a kanta ba, har a je Kalfu ana cewa matar Abdurazak ko ruwan alkaki ba ta iya ba. Ta miƙe, ta ce wa wata maƙwabciya ta kula da mai. Ba ta nemi izinin kowa ba.

"Ku ba ni ruwan zahi. Ke, janye itacen nan, garwashi kaɗai nike so."

Ta zuba ruwan zafi a kan dunƙulen, ta juye kwanon tsamiya duka, ta rufe tukunya don tururi ya wanke gefen. Wata ta miƙo ludayi, ta ce kada wadda ta kuskura ta motsa shi. Da ta buɗe, ta jiƙa ƙyalle tana goge bakin tukunyar a hankali, tana kwashe duk wata 'yar ƙwayar da ta maƙale, don ƙwaya ɗaya in ta koma ciki sai ta ja sauran. Garin haka ruwan ya yi tartsatsi ya zubo mata a bayan hannu. Wanda ya taɓa ƙonewa da ruwan zaƙi ya san ba ya sakin fata da wuri. Ta cije leɓe ta ci gaba. Dunƙulen ya narke, ruwan ya dawo ja wur, ya fi na farko duhu da ƙamshi. Ta ɗiga a kwanon ruwan sanyi, ɗigon ya zauna a ƙasa da laushinsa. Ta tsoma alkaki uku, ta aje a faifai, ta ce a bar su su huce sarai kafin kowa ya taɓa.

Suka huce, ƙyallinsu bai tafi ba. Hajiya Huseina ta gutsura, zaƙin ya biyo yatsanta, ta lashe, ta sake gutsura.

"To, wanga shi ne alkaki. Wace ce wagga baiwar Allah?"

Raƙiya ta tsaya da ƙyalle a hannu. Ga tukunya a gabanta, ga mata sun zuba mata ido, ga dangin ango suna tambaya. Abin da ta baro Affala dominsa ke nan.

"Ƙanwar uwar amarya ce," in ji maƙwabciyar da ke wajen mai. "Daga Affala ta zo taya aiki."

"Allah sarki. Amarya ta yi dacen ƙanwar uwa," in ji Hajiya Huseina, ta sa aka ƙulle mata guda biyar a leda.

Azumi ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai kuka ya sake cin ƙarfinta, aka kama ta aka kai ta ɗaki. Raƙiya kuwa ba ta gyara wa kowa zance ba. Ta yaya? Ta ce ni na haife ta, a gaban mutane, da bakinta? Ta tsoma sauran alkakin har ya ƙare, ta ɗura ragowar ruwan a kwalabe na lemu-hari da zoɓo, ta ja tukunyar zuwa bayan madafa inda ake wanke-wanke.

Tana nan tsugune tana kankarar gindin tukunya da hannu ɗaya sai ta ji tafiya a bayanta. Latifa ce, riƙe da kwanon ruwan sanyi da 'yar jakarta ta aiki. Ba ta durƙusa daga nesa ba wannan karon. Ta zo dab, ta kama hannun da ya ƙone ta tsoma a ruwa, ta riƙe shi a ciki. Fatar ta riga ta tashi. Raƙiya ta kau da kai tana kallon katanga. Rabon da jikinta ya taɓa na yarinyar nan tun tana goye.

"Innar Affala, kin ƙone haka ba ki hwaɗi ba?"

"Ba komi."

Latifa ta tsane hannun, ta shafa magani da ɗan yatsa a hankali, tana hura masa iska kamar na ƙaramin yaro.

"Ban san da bakin da zan gode miki ba. Tun da nike ban taɓa ganin Innata ta yi kuka gaban mutane ba sai yau. Matar nan ba ta taɓa bari na kwana da yunwa ba, ba ta taɓa bari na ji ni ba tata ba ce. Wallahi da wani ne ya yi mata wanga abu da gangan, har in mutu ba ni yahe mishi. Ke kuwa kin hidda uwata kumya. Ba ni mance miki shi."

Raƙiya ta ji maganar ta shige ta har ƙashi. Ta so ta ce wani abu, ko sunan yarinyar ne sau ɗaya, amma bakinta bai saba ba, kuma yau ba ta ga da wace fuska za ta fara ba. Ta bari aka naɗe mata hannun da bandeji, aka ɗaure.

"Tashi," ta ce, "kada rigarki ta aiki ta ɓaci."

Latifa ta tashi. Daga cikin ɗaki Azumi ta kira ta da dasasshiyar murya, ta amsa, "Na'am, Inna, ga ni nan," ta tafi da sauri har ta manta kwanon ruwan. Raƙiya ta jawo tukunyar da hannun mai lafiya ta ci gaba da kankara.